Baran samurai (mayaƙan Japan na dā): tarihin wa ya kamata in bi?

Hadiza: Assalamu alaikum. Labarin da nake rubutawa a zamanin Sengoku na Japan yake, wato zamanin yaƙe-yaƙen basasa, jarumin kuma bara ne a gidan wani mai mulki. Tarihin wa zan karanta in gane rayuwarsu?

Abban Yusra: Torii Mototada. A 1600 rundunar Ishida Mitsunari ta yi masa ƙawanya a ganuwar Fushimi, mutanensa kusan 2,000 ne kawai. Ya ƙi miƙa wuya har ya rasa ransa, don ubangidansa Tokugawa Ieyasu ya samu lokacin shiri.

Malam Nura: Ƙanwata, ki yi hattara da littattafan da ake tallatawa a intanet. Na sayi wani da tsadar gaske, tun daga bango har bango babu komai sai biyayya da kashe kai ta hanyar farke ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin yawancin wannan kwalliyar bayan ƙurar yaƙi ta lafa aka yi ta, a zamanin Edo. Baran Sengoku ƙasa yake nema. A ƙarshen zamanin Sengoku da koku ake auna matsayinsa, wato shinkafar da za ta ci da mutum ɗaya shekara guda, kuma gwargwadon kokunsa, gwargwadon mayaƙan da zai kawo ranar yaƙi. In an tashi daga fage, ya kai kan wanda ya kashe a duba, a rubuta, sannan a saka masa. Ki bi Todo Takatora: ya sauya iyayen gida sau da yawa, ya rasu a 1630 yana cikin manya.

Jamila: Ai shi ya sa Akechi Mitsuhide ya juya wa ubangidansa Oda Nobunaga baya a 1582.

Abban Yusra: A'a Anti, sauya ubangida daban, cin amana daban. Mitsuhide ko mako biyu bai yi ba aka gama da shi.

Bashir: Yasuke fa? Ɗan Afirka ne, ya shiga hidimar Nobunaga a 1581.

Malam Nura: Abin da aka rubuta a kansa kaɗan ne, ba zai ishe ta ba.

Bashir: To dai Hadiza, kada ki cika labarin da takobi. Mashi da baka da bindiga suka fi aiki a fage. Tun 1543 'yan Fotugal suka kai bindiga tsibirin Tanegashima na Japan.

Jamila: Samurai ba takobi? Wa zai karanta?

Bashir: Anti, ki duba aikin da bindiga ta yi a yaƙin Nagashino na 1575 tukuna, sai mu yi magana.