Mu tsayar da kalma ɗaya a madadin "refactoring": ina ba da shawarar "sake zubi"

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu rubuta manhaja da masu koyar da ita da harshen Hausa. Akwai kalmar da ta daɗe tana yi mana cikas a duk lokacin da muka zo bayanin aikin direbobin na'ura (manhajojin da suke sada kwamfuta da na'urorin da ke jikinta), wato kalmar Ingilishi "refactoring", mai nufin sake jera rubutun manhaja ba tare da aikinta ya canza ba, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da magana ɗaya a kanta. Shawarata ita ce mu riƙa cewa "sake zubi". Kafin a karɓa ko a ƙi, ya kamata mu dubi aikin a wurin da ake yin sa da gaske, domin a can ne za a gane kalmar da ta ɗauke shi da wadda ta kasa.

A cikin kusan kowace wayar hannu ta zamani akwai wata 'yar ƙaramar ai-si, kamar yadda masu gyaran waya suke kiran irinta, wadda take sa allo ya juya idan an kwantar da wayar, kuma da ita ake ƙirga takun mai tafiya. Zan kira ta ma'aunin sauyin gudu, domin tashi da tsayawa da karkata take ji ta fuskoki uku, kuma ko a ajiye take a kan tebur tana nuna 1 g, kimanin 9.81 m/s², saboda jan da ƙasa take yi wa komai. Direbobin irin waɗannan ma'aunai a kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin aikin Linux, suna zaune ne a sashen na'urorin awo da ake kira IIO, wanda Jonathan Cameron yake kula da shi.

Kamfanin Analog Devices yana da ai-si guda biyu da za su isar mana da misali. ADXL345 tana auna har zuwa 16 g, ita kuwa ADXL375 an yi ta ne domin bugu mai tsanani, tana kaiwa 200 g. Rajistocinsu, wato ƙananan ma'ajiyoyin cikin ai-si da direba yake karantawa ko ya rubuta a ciki, a jere ɗaya suke, ana iya magana da kowacce ta ɗaya daga hanyoyin sadarwar lantarki biyu, I2C ko SPI, kuma idan direba ya tambayi rajista ta farko lambar shaida, dukkansu amsa ɗaya suke bayarwa, 0xE5. Inda suka rabu shi ne darajar abin da suka ƙirga: ɗigo ɗaya, wato ƙarin ɗaya a lambar da ai-si take bayarwa, a ADXL345 kimanin 3.9 mg ne (mg a nan kashi ɗaya ne cikin dubu na g), a ADXL375 kuwa 49 mg ne, ya ninka fiye da sau goma sha biyu. Ke nan idan direba ya ɗauki ɗayar a matsayin ɗayar, ba zai tsaya ba, ba zai yi kuka ba, zai ci gaba da miƙa wa manhajojin da ke samansa lambobi marasa gaskiya. Tun da tambayar ai-si ba za ta raba gardama ba, dole direban ya dogara da abin da aka rubuta a bishiyar na'urori, fayil ɗin da yake bayyana abin da ke kan allon lantarki, inda ake sa "adi,adxl345" ko "adi,adxl375".

Hanyar da ta fi saurin zuwa wa mai rubutu ita ce ya ba kowace ai-si lamba, sa'an nan duk inda bambanci ya taso ya rubuta sharaɗi: idan wannan ce a yi kaza, idan waccan ce a yi kaza. Da samfura biyu da bambanci ɗaya, wannan ba ya damun kowa. Amma idan samfura suka kai biyar, kuma bambancin ya shiga adireshin rajista da iyakar awo da yawan bayanan da ma'ajiyar jira, inda awo yake taruwa kafin a karanta shi, take ɗauka, sai sharuɗɗan su watsu ko'ina cikin rubutun, ta yadda wanda ya zo ƙara samfuri na shida zai manta da wuri ɗaya ba tare da ya sani ba. Akwai kuma wani tarko da masu wannan aiki suka sani: idan samfuri na farko ya ɗauki lamba 0, direba yana iya rikita shi da alamar cewa ba a sami komai ba. Maganin da aka saba da shi a IIO shi ne a tattara duk abin da ya keɓanta da kowace ai-si, sunanta da darajar ɗigonta da rajistocinta, a zuba su cikin wani jadawali ɗaya da ake kira chip_info, a haɗa kowane suna na bishiyar na'urori da jadawalinsa, sauran direban kuma ya riƙa karantawa daga nan ba tare da ya damu da wace ai-si ce a gabansa ba.

Wannan kwashewa da tattarawa ita ce "refactoring". Ƙara sabuwar ai-si ba ta cikinta, kuma wannan shi ne abin da nake so kalmarmu ta kiyaye. Bayan an gama aikin, tsohuwar ai-si za ta ba da lambobin da take bayarwa jiya, fayilolin da manhajoji suke karantawa suna nan da sunayensu, mai amfani da na'urar ba zai ga bambancin komai ba. Haka William Opdyke ya ɗauki ma'anar a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Illinois a 1992, haka kuma Martin Fowler ya yaɗa ta a littafinsa na 1999: a sauya ginin ciki, halin da ake gani daga waje ya tsaya yadda yake. A 2023, da aka zo sa direban ma'aunin KX022A na kamfanin Kionix ya karɓi wani ma'aunin, KX132-1211, an bi wannan tsari ne: faci na daban, wato ƙunshin sauyin rubutu da ake aikawa a duba kafin a karɓa, ya shigo da jadawalin chip_info, sa'an nan wani facin ya kawo sabuwar ai-si. Rabuwar tana da dalili. Mai duba faci na farko tambaya ɗaya ce a gabansa, ko wani abu ya canza wa tsohuwar ai-si, kuma idan matsala ta ɓulla bayan watanni, git bisect, kayan aikin da ake bin tarihin sauye-sauyen rubutu da shi, zai nuna facin da ya jawo ta daidai. Idan aka cuɗa ayyukan biyu wuri ɗaya, an rasa duka waɗannan.

Da wannan ma'auni na auna kalmomin da nake jin mutane suna amfani da su. "Gyara" ita ce ta fi yawa a baki, kuma ita ce ta fi haɗari, domin ana gyara abin da ya ɓaci ne, wanda aka gyara kuma halinsa ya canza. Ɗalibin da aka koya masa cewa wannan aiki gyara ne zai ga ya halatta ya cusa gyaran kuskure a cikin facin, alhali ƙa'ida ita ce ko ya ga kuskure a hanya ya ware masa faci nasa. Muna kuma buƙatar "gyara" ta zauna a wurinta na magance kuskure, ba mu da wadda ta fi ta a can.

"Kwaskwarima" tana da daɗin ji, amma Bahaushe yana jin ta ne a kan abin da ido yake gani, irin wadda ake yi wa gini da fenti, ga shi kuma tana ɗauke da ɗan raini, kamar an taɓa sama an bar ƙasa. Aikin da muke magana a kai akasin haka ne, ciki ake taɓawa a bar fuska. Zan bar ta ga daidaita sarari tsakanin layuka da makamantansu. "Garambawul" kuwa ta yi nauyi, domin idan aka yi wa majalisar ministoci garambawul, wasu sun tafi, wasu sun zo, kuma kowa yana jiran sabon sakamako. "Sake gini" na nufin rushewa a faro daga tushe, wanda wani aiki ne daban mai nasa suna. "Sabuntawa" ta riga ta zama kalmar saukar da sabon fitowar manhaja a waya.

Biyun da suka fi ba ni wahalar ƙi su ne "sake fasali" da "sake tsari". Ta farko ta yi kusa ƙwarai, kuma ba zan yi jayayya da wanda ya zaɓe ta ba, sai dai tun sauya takardun naira a ƙarshen 2022 kunnen jama'a ya ɗaure ta da sauyin kamanni, kafin nan ma ta saba da muhawarar sake fasalin ƙasa, inda ake nufin canza yadda abubuwa suke gudana. Ta biyu kuwa laifinta shi ne "tsari" ta riga ta ɗauki kaya da yawa a fagen kwamfuta. Muna cewa tsarin aiki, muna cewa tsarin fayil, muna cewa tsare-tsaren waya, don haka wanda aka ce masa a sake wa direba tsari yana iya tafiya ya canza saitinsa.

"Zubi" ba baƙuwa ba ce a wannan ma'ana. Duk wanda ya yi nazarin waƙa a aji ya san ana raba jigo da zubi da tsari, jigo shi ne saƙon, zubi kuma yadda aka jera baitoci da ɗangwaye domin su ɗauke shi. Wannan rabuwa ita ce muke nema: aikin direba shi ne jigonsa, yadda aka jera rubutunsa kuma zubinsa. Kalmar gajera ce, ba ta zargin tsohon rubutu da ɓaci, ba ta kuma yi alkawarin sabon hali. Na san za a ce "zubi" tana da wasu ma'anoni, kamar zubin adashi, amma babu mai karanta bayanin faci da zai kai hankalinsa can, kuma a fagen kwamfuta ba mu ɗora mata wani aiki ba tukuna, wanda shi ne babban abin da ta fi "tsari" da shi.

Tana kuma sarrafuwa ba tare da tilas ba. Ana iya cewa, "An sake wa direban zubi domin ya karɓi samfura da yawa." Mai aika faci zai rubuta, "Wannan sake zubi ne kawai, aikin direba bai canza ba." Mai dubawa kuma zai iya mayar da shi da cewa, "Malam, ka haɗa sake zubi da ƙarin sabuwar ai-si, a raba su faci biyu, na sake zubin ya zo a gaba." Ina roƙon malamanmu na sassan Hausa da masu koyar da rubutun manhaja su gwada waɗannan jimloli a gaban ɗalibai, su tambaye su ko suna tsammanin ADXL345 za ta ba da wata lamba daban bayan an sake wa direbanta zubi. Idan yawancinsu suka ce a'a ba tare da an yi musu ƙarin bayani ba, sai mu shigar da kalmar cikin jerin kalmominmu, mu kuma koma kan sunan da za mu ba jadawalin chip_info.