Kafin ka zauna kallon Beat Street

Hirar da muka yi kan Beat Street, fim ɗin hip-hop na 1984 da Harry Belafonte ya shirya, ta yi tsawo, amma shawarwarin da suka fito ba su da yawa.

Kusan kowa ya ce a fara da fim ɗin Wild Style, wanda Charlie Ahearn ya ba da umarni. A can za ka ga Grandmaster Flash, DJ mai haɗa kiɗa da faifai, a ɗakin girki, hannunsa na kai-komo tsakanin faifai. In ka ga wannan, za ka gane abin da Kenny, jarumin Beat Street, ke fafutukar zama a unguwar Bronx ta New York, inda gidaje suka ƙone, aikin yi kuma ya yi wuya.

Labarin soyayyar cikin Beat Street bai burge mutane sosai ba, ni ma haka. Gasar rawa a gidan rawa na Roxy, tsakanin ƙungiyoyin Rock Steady Crew da New York City Breakers, ita aka ce a maimaita, a zuba ido kan ƙafafunsu.

Wani ya ja kunne kan kallo da ƙananan yara, saboda mutuwar Ramon, mai zane a jikin jirgin ƙasa, a kan layin lantarki. Har yanzu wurin yana taɓa min zuciya.