Shin Linux Mint ce mafitar kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi karɓa?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da yake bai wa Windows 10, bayan shekara goma da fitowarta a watan Yulin 2015. Mafi yawan kwamfutocin gwanjo da ke hannunmu, irin su HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460 da T470, furosesarsu Intel ce zubi na shida ko na bakwai, alhali Windows 11 daga zubi na takwas take farawa, kuma tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar, da ram mai gigabayit 4, da wurin ajiya mai gigabayit 64. Matsayina a fili yake: duk wanda kwamfutarsa ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, ya kwashe kayansa ya goge ta, ya ɗora Linux Mint, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ke maye gurbin Windows. Jerin Mint 22 an gina shi ne a kan Ubuntu 24.04, wani sanannen tsarin Linux, kuma zai ci gaba da samun gyaran tsaro har shekarar 2029 ba tare da biyan ko sisi ba. Wanda kuwa ya tilasta wa tsohuwar kwamfuta ɗaukar Windows 11 ta bayan gida, ina ganin kansa yake yaudara.

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Injiniya. Kalmar "duk" ce ta hana ni yarda da kai. Ni shagon buga takardu nake da shi, kuma abincina a kan CorelDRAW yake: katin biki, da kalandar makarantu, da allon talla. Babu CorelDRAW ta Linux, babu Photoshop ta Linux. Na san za ka ce akwai Inkscape da GIMP, kuma na yarda manhajoji ne masu kyau, amma wanda ya kawo mini aiki a filashi ba ya tambayata wace manhaja nake so, fayil ɗin Corel yake miƙo mini ya ce a gyara suna da kwanan wata yanzu-yanzu, yana tsaye a kaina. Inkscape tana buɗe wasu daga cikin irin waɗannan fayilolin, sai dai rubutu yakan goce daga wurinsa, launi kuma ya sauya. Haka takardar Word mai jadawali da yawa takan yi a LibreOffice, manhajar da ke maye gurbin Word a Linux: shafi goma ya koma goma sha ɗaya, lambobin shafi su daina dacewa da abin da ke ƙunshiya, kuma ɗalibin da zai miƙa kundin bincikensa gobe ba zai saurari bayanin 'yancin manhaja daga gare ni ba.

Auwalu: Ni ma ina da ja, amma a kan maganar yaudara. Yaya Bashir, me ya sa ka kira shi bayan gida? Rufus manhaja ce sananniya wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, kuma idan kana haɗa filashin Windows 11 ita da kanta take tambayarka ko a cire sharaɗin TPM da na Secure Boot da na ram. T470 ɗina da zubi na bakwai tana gudu da Windows 11 lafiya lau, kuma gyaran tsaro na kowane wata yana shigo mata kamar kowace kwamfuta. Furosesa zubi na bakwai ba ta gaza komai ba. Kamfani ne ya ja layi a wurin da ya ga dama.

Injiniya Bashir: Ƙanena, cewa yana shigowa yau ba alkawari ba ne cewa zai shigo gobe. Microsoft ya rubuta ƙarara cewa kwamfutar da aka ɗora wa Windows 11 ba tare da cika sharuɗɗa ba, ba ta da haƙƙin samun sabuntawa. Sannan kai ma ka san babbar sabuntawa ta shekara-shekara ba ta zuwar maka da kanta, sai ka sauko da sabon fayil mai fiye da gigabayit 5 ka ɗora da hannunka, idan kuma ka manta, zubin da kake kai ya ƙare wa'adinsa na shekara biyu, gyaran wata-watan ma ya tsaya ba tare da ka lura ba. Mun riga mun ga alamar inda aka dosa: zubin 24H2 na Windows 11 ya ƙi tashi sam a kan tsofaffin furosesa da ba su da wasu umarni da ake kira SSE4.2, kuma a nan babu dabarar Rufus da ke aiki. Kai mai son taɓe-taɓe ne, za ka iya bibiyar duk wannan. Amma ƙanwarka da ka ɗora wa, ko maƙwabcinka, wa zai tuna musu?

Auwalu: Waɗanda 24H2 ta ƙi, irin Core 2 Duo ne na wajen 2008, ba irin namu ba. Amma na karɓi maganar ɗorawa da hannu, gaskiya ce.

Hajiya Rabi: Ku yi mini haƙuri in shigo, domin ina ganin kun tsallake wani abu da ya fi duka waɗannan girma. Kuna magana kamar kwamfutocin mutane suna karɓar gyaran tsaro kafin 14 ga Oktoba, sai ranar ta zo aka yanke. Ni malamar makaranta ce, abokan aiki sukan kawo mini kwamfutocinsu idan sun rikice, kuma abin da na fi gani shi ne Windows wadda mai gyara ya ɗora daga wani tsohon filashi, ya kunna ta da manhajar sata, ya kashe Windows Update don kada ta cinye wa mai ita data, ya kashe Defender, manhajar tsaron Windows, don kada ta goge manhajar satar. Irin wannan kwamfuta ta yi shekaru ba ta ga gyara ba, don haka ranar 14 ga Oktoba ba ta rage mata komai ba. Ku tuna ƙwayar WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na wannan shekarar, wata biyu kafin harin, kuma waɗanda abin ya ci mafi yawansu masu Windows 7 ne da har lokacin take cikin wa'adinta, ba su dai ɗora gyaran ba. Idan mutum ya ɗauki wannan ɗabi'a ya koma Mint, alamar garkuwa ta Update Manager za ta yi ta nuna masa akwai sabuntawa, shi kuma ya yi ta kau da kai saboda tsadar data. To me aka yi ke nan?

Injiniya Bashir: Hajiya, wannan magana ce mai nauyi, kuma ba zan musa ta ba. Sai dai tana ƙarfafa matsayina ta wani gefe. A Mint babu dalilin neman manhajar sata tun farko, domin babu abin da ake kunnawa da lasisi, kuma manhajoji daga rumbu ɗaya ake sauko da su ta Software Manager, ba daga shafukan da ke cike da maɓallan ƙarya ba. Sabuntawar ma kai kake zaɓar lokacinta, kana ganin girman kowace kafin ka taɓa, don haka mai sayen datar dare zai iya jira har dare. Ƙwayar nan kuma da ke yawo a filashi tana mayar da fayiloli gajerun hanyoyi, wadda duk mai shago ya san ta, ba ta da abin da za ta kama a Linux.

Hajiya Rabi: Na yarda da batun filashi. Amma akwai abin da mutane ba su sani ba game da kwamfutocin gwanjon nan: yawancinsu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, kuma waɗanda aka ƙera daga zamanin Windows 8 zuwa sama galibi lambar lasisinsu tana cikin babban allon da ke cikin kwamfutar, wato motherboard. Idan aka ɗora Windows 10 tsaftatacciya daga shafin Microsoft a kan wadda ta zo da lasisin Windows 10, da zarar ta hau intanet sai ta kunna kanta. Wato mutane suna da ta halak a hannu, ana ɗora musu ta sata. Wanda ya gyara wannan, ya kai ta zubin 22H2, an ba shi damar shiga ESU, shirin ƙarin wa'adi da Microsoft ya buɗe a 2025 don samun gyaran tsaro har 13 ga Oktoban 2026, ko dai ya biya dala 30, ko ya yi amfani da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma kyauta idan ya shiga da asusun Microsoft ya bar saitunansa suna ajiyuwa a can. Ga Malam Habu wannan shekara guda ce ta tara kuɗin kwamfuta mai zubi na takwas, ba tare da ya rasa ko aiki ɗaya ba.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Wannan ita ce shawarar da ta dace da ni. Shekara guda ta isa in leƙa Beirut Road a nan Kano in duba EliteBook 840 G5 ko T480 a natse. Ina kuma tunatar da masu saye su duba lambar furosesar da idonsu, domin akwai T480 da ta zo da zubi na bakwai.

Ɗan Zinder: Salamu alaikum. Ni ina bayan Injiniya, amma ba don tsaro ba, don ikon da mutum ke da shi a kan abin da ya saya da kuɗinsa. Lokacin da Windows 11 ta fito a Oktoban 2021, ta cire damar mayar da layin manhajoji gefe ko sama, abin da ake yi tun zamanin Windows 95, har sai da mutane suka koma ga ExplorerPatcher da StartAllBack don su dawo da abin da suka saba, kuma irin waɗannan sukan rikice idan babbar sabuntawa ta zo. A Cinnamon, wadda ita ce fuskar Mint, ina ɗaukar layin in kai shi hagu saboda allona ƙarami ne kuma tsayinsa nake buƙata don karatu, ina sauya launi da gumaka da salon rubutu daga cikin saitunan kanta, babu abin da na fasa. Madannina na Faransanci ne, irin wanda ake samu a nan Nijar, kuma na ƙara tsarin Hausa a kai ina juyawa tsakaninsu, ina samun ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba tare da wahala ba. Wanda kwamfutarsa ta fi tsufa kuma ya ɗauki zubin Mint mai fuskar Xfce, wanda ya fi sauƙi a kan ram.

Auwalu: Madannin Hausa akwai shi a Windows ma, malam, kuma Keyman, manhajar ƙara madannan harsuna, tana aiki a duka biyun. Wannan ba hujja ba ce ga kowane ɓangare.

Ɗan Zinder: Haka ne, na kawo shi ne don mai tsoron zai rasa haruffansa idan ya ƙaura.

Malam Habu: Akwai abin da har yanzu ba wanda ya amsa. Idan Mint ta ƙi ganin Wi-Fi, ko firinta ta ƙi bugawa, wa mutum zai kai wa? Masu gyara a kasuwa Windows suka iya, kuma mafi yawansu da sun ga abin da ba su sani ba, gogewa za su yi su mayar da Windows, kayan mutum su bi ruwa. Na taɓa ganin ɗalibin da wani abokinsa ya ɗora wa Linux, katin Wi-Fi ɗin ya ƙi aiki sai an sauko da direbansa, saukowar kuma tana buƙatar intanet ɗin da babu.

Injiniya Bashir: Wannan matsala ce ta gaske, Malam, musamman a wasu katunan Wi-Fi da direbansu ba ya zuwa a cikin tsarin. Maganinta shi ne a haɗa waya da kebul a ba kwamfutar intanet ta nan, a buɗe Driver Manager. Amma abin da ya fi shi ne kada a kai ga haka: Mint tana tashi daga filashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, sai mutum ya gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firintarsa kafin ya danna maɓallin ɗorawa. Firintocin HP da yawa suna aiki kai tsaye ta HPLIP, direban HP na Linux. Bayan ɗorawa kuma a kunna Timeshift, wadda ke ajiye hoton tsarin yadda za a iya komawa baya idan wata sabuntawa ta ɓata wani abu. Zan janye kalmar "duk" saboda masu Corel da AutoCAD da makamantansu. Ban janye ta ba ga wanda aikinsa bai wuce burauza da WhatsApp na kwamfuta da kallon darasi da rubuta takarda ba, kuma ina da yaƙinin su ne mafi yawa.

Hajiya Rabi: Ko su ɗin, Injiniya, ina roƙon kada a ɗora wa kowa sai wanda zai ɗora ya amince shi za a riƙa kira idan wani abu ya faru. Sannan a faɗa wa mutane gaskiya game da nauyi. Da yawa suna zuwa Linux ne saboda an ce musu kwamfutarsu za ta yi sauri, alhali abin da ke danne ta shi ne tsohon faifai mai juyawa da ram mai gigabayit 4. A sa mata SSD, wato wurin ajiya mai sauri da ba ya juyawa, a kai ram gigabayit 8, za ta farfaɗo ko wace manhaja ce a kanta. Chrome mai shafuka ashirin a buɗe ram ɗin da yake ci a Windows kusan shi yake ci a Mint.

Auwalu: To ni ga abin da zan yi, tun da ina da tsohon SSD mai gigabayit 128 a ajiye. Zan cire wanda Windows 11 ke kai in ajiye shi yadda yake, in sa wannan in ɗora Mint 22, in yi duk aikina na makaranta a kai har ƙarshen zango. Abin da na fi son gani shi ne tsawon lokacin da batir zai yi, domin a unguwarmu wuta ba ta zama, kuma a nan ne nake shakkar Linux.

Ɗan Zinder: Ka fara gwadawa yadda ta zo, ka rubuta awannin, sannan ka ɗora TLP, manhajar tattalin batir, ka sake aunawa da hasken allo iri ɗaya. A ThinkPad tana ba ka damar tsayar da caji a kashi 80 cikin ɗari, wanda ke ƙara wa batir kwana.

Injiniya Bashir: Ka haɗa da gwajin takardun Word da malamanku ke turowa, Auwalu, ka buɗe su a LibreOffice ka ƙirga shafukan, domin Malam Habu ya ga sakamakon da idonsa.

Malam Habu: Zan turo maka fayil ɗin Corel guda ɗaya na katin biki, da kundin bincike mai jadawali da na cire sunan mai shi. Ka buɗe su ka ɗauki hoton allon ka saka mana a nan.