Tambaya ɗaya na yi, aka ƙwace mini ganga

Ɗan Kwaya: Jama'a ku raba ni da wannan abu. Ranar Laraba a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki na tambayi wani dattijonmu, me ya sa Markus 16:9-20 ba ya cikin tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci guda biyu na ƙarni na 4, wato Sinaitikus da Batikanus? In daga baya aka ƙara, shi ma hurarre ne? Buɗar bakinsa sai ya ce Shaiɗan ya shige ni. Yanzu an ce in dakata da kwaya. Shekara shida ina buga ganga a cocin nan!

Maman Zumunta: Ɗana, bakinka ne ya ja maka. 2 Timoti 3:16 ta ce kowane Nassi hurarre ne. Magana ta ƙare.

Ɗalibin Tauhidi: Mama, a gafarce ni, hurarre daban, saukakke daban. Luka da kansa ya faɗa a farkon Bishararsa cewa sai da ya bi diddigin kome kafin ya rubuta. Ba shifta aka yi masa ba.

Baba Mai Shago: Kai yaro, wata uku a makarantar tauhidi har ka fara gyara wa uwarka Hausa? Hurawa ai hurawa ce. Mai busa shi ke da waƙa, ba sarewa ba.

Ɗalibin Tauhidi: Shekara biyu ne, Baba. Kuma sarewa ba ta aika a kawo mata alkyabbar da ta bari a Taruwasa. Duba 2 Timoti 4:13.

Baba Mai Shago: Au, Manzo Bulus kake yi wa ba'a?

'Yar Katolika: Ni dai "kowane" ɗin nan nake so a fayyace mini. Ku littattafai 66, mu 73. Littafin Tobit, da muke da shi ku ba ku da shi, yana ciki ko babu?

Maman Zumunta: 'Yata, yi haƙuri, ba da ku ake ba.

Baba Mai Shago: Duk sababbin fassarorin nan ne suka kawo ruɗani. Ta 1932, wadda su Likita Mila na Wusasa suka yi, da ita mahaifina ya yi wa'azi har ya mutu, bai taɓa jin wani Batikanus ba.

'Yar Katolika: Baba, rashin ji ai ba hujja ba ce.

Ɗan Kwaya: To ni maganar gangata fa? Toma ma ya yi shakka, Yesu bai kore shi ba, hannuwansa ya nuna masa.

Maman Zumunta: Kai Toma ne?

Sakatare: Dare ya yi, bari in taƙaita. Kowa ya yarda Littafi hurarre ne, kamar yadda Mama da Baba suka bayyana da hujjoji. Yaran da suka ɗan leƙa makaranta su rage kai. Maganar 73 ba nan ne wurinta ba. Ɗan Kwaya, ka je ka ba dattijo haƙuri kafin Lahadi, don wanda ya karɓi gangar bai iya ba.