Katafila ta tono kayan tarihi a wurin kwangila: me doka ke kira kayan tarihi, kuma wa zai ɗauki asarar?

Mai_Safiyo:

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da lauyoyin zauren nan, ina neman ƙarin haske. Takardun kwangilar hanya da na manyan gine-gine sukan zo da sakin layi kan kayan tarihi da za a iya samu a ƙasa, amma ba kasafai suke fayyace ko mene ne su ba. A ce katafila tana yankan ƙasa don kwalbati, a zurfin mita 2 sai ga tukwane a jere, da kashin maƙera, da kan wani mutum-mutumi na yumɓu. Shin duk tsohon abu ya shiga ciki, har tsingaro? Shekara nawa abu zai yi kafin doka ta san da shi? Na waye? Idan aiki ya tsaya wata biyu, wa zai biya? Kuma hukumar tsara birane tana duba wannan kafin ta ba da izinin gini?

Injiniya_Kwangila:

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka uku ce a dunƙule, domin kalmar “kayan tarihi” tana da ma'ana ɗaya a kwangila, wata a dokar ƙasa, wata kuma a izinin gini. Zan ɗauki ta kwangila.

Yawancin manyan ayyuka, musamman waɗanda bankunan raya ƙasa ke ba kuɗi, a kan sharuɗɗan FIDIC, wato ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, ake rubuta su. A bugun 1999 sashe na 4.24 ne, a bugun 2017 ya koma 4.23. Sashen bai sa shekaru ko kaɗan ba. Jeri kawai ya kawo: burbushin halittun da suka zama dutse, tsabar kuɗi, abubuwa masu daraja ko na da, gine-gine, da duk wani abin da ya rage wanda masana ƙasa ko masu binciken kufai za su damu da shi. Da gangan aka buɗe shi haka, don kada foman ya tsaya yana yanke hukunci a bakin rami. Saboda haka tsingaro ya shiga, kashin maƙera ya shiga, tushen ganuwa da tsohuwar rijiyar marina duk sun shiga.

Abin da sashen ya ɗora wa ɗan kwangila biyu ne: ya hana ma'aikatansa da kowa ɗauka ko lalatawa, ya kuma sanar da Injiniya, wato mai sa ido kan aikin a madadin wanda ya ba da kwangilar, nan take. Injiniya ne zai ba da umarnin abin da za a yi. Idan bin umarnin ya jawo jinkiri ko kashe kuɗi, ɗan kwangila yana da haƙƙin ƙarin wa'adi da kuɗin da ya kashe, amma ban da riba. Albashin leburori, hayar injinan da suka kwanta, maigadi, shinge, da kuɗin tafiyar da ofis na tsawon kwanakin, duk ana biya. Kason riba ba a biya. Sai dai idan Injiniya ya ba da umarnin canza aikin kansa, misali a karkatar da hanya ko a sauya fandisho, wannan ya zama canjin aiki ƙarƙashin sashe na 13, kuma da farashinsa ake auna shi.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne sanarwa. Sanarwa biyu ce, ba ɗaya ba. Ta farko ita ce “mun samu abu”. Ta biyu ita ce “muna neman wa'adi da kuɗi”, kuma dole ta isa cikin kwana 28 daga ranar da ɗan kwangila ya san lamarin ko ya kamata ya sani. Kwanakin kalanda ne, har Juma'a da Lahadi da hutun salla. Wanda ya wuce kwana 28 ya rasa haƙƙinsa, ga kuma tarar jinkiri tana jiransa a ƙarshen aiki. Cikakken lissafi yana biyo baya cikin kwana 42 a bugun 1999, kwana 84 a na 2017. Maganar baki a taron mako ba sanarwa ba ce. A rubuta, a ambaci sashen, a karɓi sa hannu.

Abu na biyu: haƙƙin yana rataye ne a kan umarnin Injiniya. Idan ɗan kwangila ya tsayar da aiki don kansa ya zauna mako uku babu takarda, zai sha wuya wajen nuna cewa umarni ya bi. A cikin sanarwar farko a nemi umarni a rubuce. Kuma ƙarin wa'adi sai idan tsayawar ta taɓa ranar kammala aikin gaba ɗaya. Hanya mai kilomita 40 da aka killace mita 100 a cikinta, galibi ana iya matsar da ma'aikata gaba, kuma Injiniya zai tambayi dalilin da ya sa ba a matsar ba.

Barista_H:

Bayanin Injiniya daidai ne. Zan ƙara abu ɗaya da ake yawan fahimta a baibai: kwangila ba ta yanke hukuncin mallaka. Tsohon bugun FIDIC na 1987, sashe na 27.1, ya ce kayan na mai aiki ne, wato wanda ya ba da kwangilar, amma a tsakaninsa da ɗan kwangila kawai. Bugun 1999 ma ya sassauta, ya ce suna ƙarƙashin kulawa da ikon mai aiki. Yarjejeniyar mutum biyu ba ta ɗaure gwamnati, ba ta kuma share dokar ƙasa.

Dokar a Najeriya ita ce ta Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda aka kafa da doka ta soja mai lamba 77 ta 1979. Fassarar da ta yi wa kayan tarihi tana da rassa uku. Na farko, duk abin da ke da amfani ga binciken kufai, har da ƙasar da aka same shi a ciki ko ake zaton yana ciki. Na biyu, ragowar mazaunin mutanen farko. Na uku, aikin hannu na gargajiya kamar sassaƙa, mutum-mutumi, makami, kayan ado, kayan kiɗa ko rubutun hannu, idan an yi shi kafin 1918, ko kuma yana da daraja ta tarihi kuma an yi amfani da shi a wata al'ada ta gargajiya.

Wannan 1918 ita ce mutane ke riƙewa, su ɗauka ita ce ma'aunin komai. Ba haka ba ne, reshe na uku kaɗai ta shafa. Tukwanen da Malam ya kwatanta reshe na farko ne ya kama su, kuma a lura ya kama har da ƙasar. Shi ya sa kwashe kayan a kai ofis ba ya warware matsala, wurin kansa yana cikin fassarar.

Wanda ya ci karo da irin wannan abu ba da niyya ba, dokar ta ba shi kwana 7 ya sanar da hukumar da kuma sakataren ƙaramar hukumar da abin ya faru, tare da bayanin wurin da yadda aka samu. To agogo biyu ke nan suna tafiya tare: kwana 7 na doka, kwana 28 na kwangila. Wasiƙar da aka kai wa Injiniya ba ta maye gurbin ta hukumar. Bayan haka, babu mai haƙa don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar da amincewar gwamnatin jiha, don haka ɗan kwangila ba zai ce a tono sauran da shebur a gama da wuri ba. Saye da sayarwa sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, fitarwa waje sai da takardar izini. Tarar da aka rubuta tun 1979 ta zama ƙanƙanuwa a kuɗin yau, kuma wannan rauni ne na gaske a dokar, amma akwai ɗauri a cikinta, akwai kuma ƙwace kayan.

Mai_Safiyo:

Na gode ƙwarai. Saura biyu: idan ƙasusuwan mutum ne fa? Kuma idan a ramin ɗiban burji ne, ba a kan layin hanyar ba?

Injiniya_Kwangila:

Ramin burji tarko ne. Sashen yana magana ne kan abin da aka samu a “wurin aiki”, kuma a FIDIC wurin aiki shi ne inda za a yi aikin na dindindin, da inda za a kai kaya, da duk inda kwangila ta ambata. Ramin da ɗan kwangila ya yi haya da kansa daga mai gona yana iya faɗawa waje. Doka ta kama ramin, amma ba lallai mai aiki ya biya ɗan kwangila ba. Maganinsa a sa ramukan cikin fassarar wurin aiki tun kafin sa hannu.

Hajiya_Kufai:

Game da ƙasusuwa, 'yan sanda ake fara kira, domin ba aikin foman ba ne ya bambance tsohuwar kushewa da gawar da ke da shari'a a kanta. Sannan dagaci ko hakimi da malaman garin. Sau da yawa dattawa sun san cewa nan tsohuwar maƙabarta ce tun kafin safiyo ya kafa turakunsa, tambaya ce ba a yi ba. A rufe ƙasusuwan daga idon jama'a, kada kowa ya ɗauki hoto ya watsa.

Sa'o'in farko su ne komai. A kashe injin a inda yake, kada a ce ya ƙara cokali ɗaya a gani. A zagaye wurin da igiya, tazarar mita 10 zuwa 20 ta kowane gefe, domin tukunya ɗaya ba ta cika zama ita kaɗai ba. Ƙasar da aka riga aka tono kada tifa ta kwashe ta, rabin kayan suna cikinta. A ɗauki hoto daga sama da gefe, da tef a miƙe a jiki don a san girma. A rubuta lambar GPS, da kilomitar hanyar, da zurfi daga saman ƙasa. A rufe da tamfol, a tare ruwa kada ya gangaro ramin, a sa maigadi tun daren farko, saboda labarin “an tono dukiya” yana riga wasiƙa isa gari.

Kada a ɗaga, kada a wanke, kada a zazzage cikin tukunya. Yumɓun da ya daɗe a damshi yana farfashewa idan ya bushe farat ɗaya a rana. Gawayi da ƙwayar hatsin da suka ƙone a gefen abu da su ake auna shekarunsa, wanki yana tafiya da su. Darajar abu tana cikin inda ya kwanta, da abin da ke samansa da ƙasansa. Mutum-mutumin yumɓu na farko na ƙauyen Nok, a jihar Kaduna ta yanzu, a wurin haƙar kuza aka same shi a 1928, kuma da yake irin waɗannan ruwa ya riga ya gusar da su daga mazauninsu, an daɗe ana fama kafin a san shekarunsu da rayuwar masu yin su. Kwalekwalen Dufuna a Yobe kuwa, wanda wani makiyayi ya taras yana haƙa rijiya a 1987, an bar shi a kwance har masana suka tono wurin a 1994, aka tabbatar ya kai kimanin shekara 8,000.

Hukumar tana da gidajen tarihi a Kano, Kaduna da Jos, kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashen binciken kufai. Can ake samun wanda zai zo ya duba.

Mai_Tsara_Gari:

Saura batun izinin gini. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a ƙarar da jihar Legas ta shigar, tsara birane ikon jihohi ne, kayan tarihi masu muhimmanci ga ƙasa kuma suna hannun tarayya. Takardar izinin gini daga hukumar jiha, ko takardar mallakar fili, ba ta wanke mai gini daga dokar 1979. Ƙofar da ake iya kama matsalar da wuri ita ce binciken tasirin aiki ga muhalli ƙarƙashin dokar 1992, ga manyan ayyuka. Ayyukan Bankin Duniya kuma ma'auninsa na 8, wanda ya shafi kayan tarihi da al'adu, ya wajabta rubutaccen tsarin abin da za a yi idan an ci karo da kayan tarihi, a sa shi cikin kwangila, a koya wa direbobin injina.

Ingila ce ta fi fayyace ma'anar a tsarin gini. Bayan rigimar da aka yi a 1989 da aka tono tushen gidan wasan kwaikwayo na Rose a Landan ana tsakiyar ginin ofis, gwamnati ta fitar da ƙa'ida a 1990 da ta mayar da binciken kufai cikin abubuwan da ake dubawa kafin izini. A tsarinsu na yanzu wuri yana da darajar kufai idan yana ɗauke da shaidar rayuwar mutanen baya da ta cancanci binciken masana, ko ma yana iya ɗauke da ita. Wannan “yana iya” ita ce bambancin: ba a jiran katafila. Ana fara duba taswirori da rajistar tarihi, a bi da na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa, a yanka 'yan ramukan gwaji, sannan a ba da izini da sharaɗin ko dai a bar kayan a inda suke a sauya zane, ko a haƙa a rubuta komai kafin gini. Mai ginin ne ke biya.

A ganina mai aiki a nan zai iya yin kwatankwacin haka ko doka ba ta tilasta ba, musamman a gefen ganuwa, kufai, gindin duwatsu da tsofaffin tuddai. A sa masani ya taka layin da ƙafa bayan girbi, lokacin da ƙasa take a fili ana ganin tsingaro, ya zauna da dattawan kowane ƙauye. A cikin sharuɗɗa na musamman a rubuta cewa fassarar kayan tarihi a kwangila ta haɗa da ta dokar 1979 da kaburbura, a faɗi wanda zai kai sanarwar kwana 7, a ba Injiniya adadin kwanakin da zai ba da umarni, a ware kuɗi na wucin gadi don haƙar da masana za su yi su ceto kayan, a kuma kwafe sashen cikin kwangilar ƙananan 'yan kwangila, domin direban katafilar da zai fara ganin tukunyar galibi ma'aikacinsu ne.