Neman taimako kafin Alhamis: me za a kira Sherlock Holmes da Hausa, tunda ba ɗan sanda ba ne?

Mai Shirin Adabi:
Assalamu alaikum malamai da iyayena. Ina da shirin adabi na minti 30 a rediyo, za mu naɗa ranar Alhamis da safe, ga shi yau Litinin. A kan labaran Sherlock Holmes da Hercule Poirot, ƙagaggun taurarin nan masu gano mai laifi, zan yi magana, da abin da 'yan fim da marubutan baya suka yi da su. Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya. Ta farko detective. Ta biyu sunan irin wannan labarin gaba ɗaya. Ta uku sunan littafin da wani ya rubuta da tauraron wani bayan mai shi ya rasu, kamar yadda Anthony Horowitz ya yi wa Holmes a 2011, Sophie Hannah kuma ta yi wa Poirot a 2014, dukansu da izinin magada.

Na rubuta "ɗan sandan ciki" na goge. Holmes ba ya karɓar albashin hukuma. A ɗakinsa na lamba 221B titin Baker yake zaune, 'yan sandan Landan ne ke zuwa wurinsa idan lamari ya cuɗe musu. In na ce masa ɗan sanda na kashe labarin tun daga jimlar farko.

Tsohon Sufeto:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi daidai da kika goge. Ɗan sandan ciki shi ne namu mai farin kaya, wanda mutanen gari ke ce wa si'aidi. Yana da lamba, yana da ofisan da yake sara wa, yana da ikon kama mutum. Wanda ba shi da waɗannan ukun ba namu ba ne. Kada kuma wani ya kawo miki "ɗan leƙen asiri", wannan aikin ƙasa da ƙasa ne. Ni dai "mai bincike" zan ce, a wuce wurin.

Marubuciya:
Baba Sufeto, mai bincike ya yi faɗi da yawa. Ɗalibin jami'a mai bincike ne, mai duba kuɗin ma'aikata ma haka. Ni "mai bin sawu" ta fi kwanta mini. Ku tuna littafin Holmes na farko da Arthur Conan Doyle ya rubuta, A Study in Scarlet, na 1887. Kafin Holmes ya shiga gidan da gawar take, sai ya sa a tsayar da keken doki daga nesa, ya taka da ƙafa yana duban laka. Daga nan ya fito da cewa mutumin ya haura ƙafa 6 a tsayi saboda faɗin takunsa, dokin da ya kawo shi kuma takalmansa uku tsofaffi ne, ɗaya sabo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake bin sawun shanun da aka kora cikin dare ya san wannan aikin.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne ga Holmes, Hajiya, amma Poirot fa? A littafin The Murder on the Links na 1923 Agatha Christie, wadda ta ƙirƙire shi, ta haɗa shi da wani jami'in ƴan sandan Faransa mai rarrafe cikin ciyawa yana neman guntun ashana, shi kuwa Poirot yana ganin wannan wahalar banza ce. Zama yake yi ya jera maganganun mutane a kansa har ƙarya ta fito da kanta. Miss Marple ma, ɗaya tauraruwar Christie, tsohuwa ce mai saƙa a ƙauye, sawun wa ta taɓa bi? A nan wajenmu Faransanci ya saba mana da roman policier, wato labarin ƴan sanda, Larabawa ma haka suka ɗauka. Mu ma ba mu tsira daga matsalar ba.

Malamin Nahawu:
Duk kuna kewaye-kewaye. "Mai kaza", "mai kaza", wannan bayani ne, ba suna ba ne. Hausa tana da ma'aunin gina sunan mai aiki: ma- a farko, -i a ƙarshe. Maƙeri, marubuci, mahauci, magini. Kalmar Turancin daga Latin ta fito, ma'anarta kware abin da aka rufe. Mu kuma muna da ƙwaƙƙwafi, wato tono magana har gindinta. Saboda haka: maƙwaƙƙwafi, maƙwaƙƙwafiya, maƙwaƙƙwafa. Labarin kuma labarin ƙwaƙƙwafi. Shekaru ke nan ina koya wa ɗalibaina ita, ba wanda ya taɓa kasa ganewa. Kalma ɗaya tilo, Bahaushiya tsantsa, ba aron kowa.

Mai Shirin Adabi:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Na gwada ta yanzu a gaban makirufo sau biyar a jere. A na uku harshena ya sarƙe, kuma ƙ ɗin nan uku suna buga makirufon kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. A rubutun shirin kalmar za ta fito fiye da sau 20.

Marubuciya:
Ban da nauyin baki, Malam, akwai warin da ke jikinta. Idan aka ce wance ƙwaƙƙwafi gare ta, ba yabo ba ne. Ita ce mai leƙa tukunyar kishiya, mai tambayar yaro me aka dafa a gidansu. Mai sauraro a Kurmi in ya ji maƙwaƙƙwafi, magulmaci zai hango, ba mutumin da ake roƙo ya ceci wanda aka yi wa ƙazafin kisa ba.

Malamin Nahawu:
Wannan shi ne ciwon da ke damunmu. Duk kalmar da aka gina daga cikin gida sai a ce ta yi nauyi, amma an iya furta "dimokuraɗiyya" da "gwamnati" ba a sarƙe ba. 'Yan rediyo ne suka cika mana harshe da dogayen jimloli a wurin da kalma ɗaya ta isa, marubutan kasuwa kuma suka bi su. Mu da muka ƙare rayuwarmu a kan nahawun harshen nan ba a tambayarmu sai an gama ɓarna.

Marubuciya:
"Marubutan kasuwa" ɗin nan, Malam, su suka sa matan aure da 'yan mata suka riƙe karatun Hausa shekara da shekaru, lokacin da littattafan jami'a ke kwance a kanta ƙura na cin su. Ina girmama iliminka, amma wannan maganar ta yi mini zafi.

Ɗan Damagaram:
Kuma in za a yi maganar tsantsa, Malam, "labari" da ka saka a cikin taka kalmar daga Larabci ta zo. Haka "asiri", haka "littafi", haka "nahawu" da ke jikin sunanka. Sannan duk lokacin da aka ce "daidaitacciyar Hausa" sai mu tarar ana nufin ta Kano. Mu a Damagaram da Maradi muna sauraron tashoshinku, a riƙa tunawa da kunnenmu.

Tsohon Sufeto:
Jama'a, yarinyar nan Alhamis take da naɗi. A bar Kano da Damagaram su huta.

Almajirin Zaure:
Bismillah, in an ba ni dama. Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan ruɗun ba, kuma kowa da ƙofar da ya fita. Edgar Allan Poe, wanda ake cewa shi ya buɗe fagen da labarin kisan titin Morgue a 1841, bai kira Dupin ɗinsa da wannan kalmar Turancin ba sam. Italiyawa har yau giallo suke cewa, wato rawaya, don kawai kamfanin Mondadori ya fara fitar da irin littattafan da bango rawaya a 1929. A Bengal ta Indiya, tauraron Sharadindu Bandyopadhyay mai suna Byomkesh Bakshi ƙin sunan Turawan ya yi, ya kira kansa mai neman gaskiya. A Zanzibar kuma Muhammed Said Abdulla ya ƙirƙiri Bwana Msa da Swahili a 1960, mai lofe kamar Holmes, masu karatu suka karɓe shi a matsayin nasu.

Abin da Holmes ya yi wa Dakta Watson, abokinsa mai ba da labaransa, ranar da suka fara haɗuwa, ya dubi fuskarsa da rana ta ƙona, wuyan hannunsa fari, hannun hagu a sanƙare, tsayuwa irin ta soja, ya gane daga Afganistan ya dawo, a zaure sunansa firasa. Doyle kansa ya ce daga malaminsa na likitanci a Edinburgh, Joseph Bell, ya ɗauko halin. Sai dai firasa baiwa ce, ba sana'a ba, don haka ban kawo ta a matsayin suna ba. Abin da nake gani shi ne "bin diddigi". Asalinta sawu ne, diddigen ƙafa, to ta ɗauki Holmes. Amma tuni Bahaushe ya ɗauke ta daga ƙasa ya kai ta kan magana, ana bin diddigin zance, ana bin diddigin nasaba, to ta ɗauki Poirot da tsohuwar mai saƙa. Mai bin diddigi, masu bin diddigi, labarin bin diddigi.

Tsohon Sufeto:
Wannan ta zauna. Mu ma a bakin aiki muna cewa a bi diddigin maganar.

Ɗan Damagaram:
Ana jin ta a nan ba tare da fassara ba. Na yarda.

Malamin Nahawu:
Kalmomi uku a wurin ɗaya. Kuma 'yan jarida sun riga sun kama ta suna kiran aikin tantance labaran ƙarya da ita. Gobe in an ce labarin bin diddigi, wani zai zaci rahoto ne a kan hoton bogi.

Mai Shirin Adabi:
Wannan gyaran gaskiya ne, Malam. A farkon shirin zan ce "ƙagaggen labarin bin diddigin laifi" cikakke, daga baya in riƙa gajartawa. To saura ta ukun, ita ce ma ta fi ba ni tsoro. Ga abin da nake son bambantawa. Akwai juya littafi zuwa fim ko wasan dandali: William Gillette ya hau dandali a matsayin Holmes a 1899, Basil Rathbone ya yi fim 14 tsakanin 1939 da 1946, Jeremy Brett ya yi na talabijin daga 1984 zuwa 1994, BBC kuma ta dawo da shi Landan ta wayar hannu a 2010. Littafin Poirot mai suna Murder on the Orient Express na 1934 an yi fim ɗinsa a 1974, aka sake a 2017. Wannan "juyi" nake ce masa, ba matsala. Amma sabon labari da tsohon tauraro fa? Doyle dogayen labarai 4 da gajeru 56 ya bari, abin da wasu suka ƙara a kai ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Marubuciya:
'Yan fim ɗinmu suna da kalma: wankiya.

Tsohon Sufeto:
Wankiya ai sata ce da aka sauya wa riga, Hajiya. Wanda magada suka ba izini, ya sa sunansa a bango, ya faɗi na wanda ya ɗauka, ba a ce masa ɓarawo.

Ɗan Damagaram:
Akwai wanda ya tsaya a tsakiya. Maurice Leblanc na Faransa ya saka Holmes cikin labaran ɓarawonsa Arsène Lupin ba da izini ba. Da aka yi ƙorafi daga wajen Doyle sai ya juya haruffan, ya koma Herlock Sholmès, ya ci gaba da abinsa. Shi wannan wankiya ce ko kwaikwayo?

Almajirin Zaure:
Na Leblanc tsokana ce tsakanin Faransa da Ingila. Amma na masu izini ya tuna mini da tahamisi. Ishiriniyar da muke karantawa ta Alfazazi ce, Ibn Muhibu ya zo daga baya ya ɗora ɗango uku a kan kowane biyu, bisa ma'auni ɗaya da amsa-amon da ya dace, har mai karatu bai cika jin inda aka haɗa ba. Ba ya ɓoye mai asali, girmama shi yake yi. Abin da Horowitz ya nema ke nan da ya ari muryar Watson.

Malamin Nahawu:
A nan kam ban yarda ba, kuma ba don taurin kai ba. Tahamisi daga hamsa take, biyar. Ƙa'ida ce ta waƙa mai lissafi, kuma baitin mai asali yana nan a ciki kalma da kalma. Littafin Hannah babu jimlolin Christie a cikinsa, tauraron da salon kawai ta ɗauka. Sannan kalmar tana da alfarmar yabon Manzon Allah a kunnen jama'a, ba zan so a ji ta a kan labarin kisan kai ba. In dole ne, ku ce "ɗori". An ɗora a kan ginin wani.

Almajirin Zaure:
Maganar alfarma ta kama ni, Allah ya gafarta Malam. Na janye.

Marubuciya:
Ɗori kuma ni karaya yake tuna mini, da maɗori da tsinken kara. Amma ta fi wankiya adalci.

Mai Shirin Adabi:
To ga abin da zan shiga da shi. Holmes da Poirot masu bin diddigi ne, kuma zan faɗa sau ɗaya cewa Poirot tsohon ɗan sandan Beljiyam ne da ya ajiye aiki, Holmes kuwa bai taɓa sa kaki ba. Fim da wasan dandali juyi ne. Na Horowitz da Hannah zan ce "ɗori a kan labarin mai asali", in bayyana shi da jimla ɗaya, in roƙi masu sauraro su aiko da tasu kalmar. Malam, zan ambaci maƙwaƙƙwafi a matsayin shawarar wani malamin nahawu, sau ɗaya, a hankali.

Malamin Nahawu:
Ki ambace ta tare da jam'inta, maƙwaƙƙwafa, don a ji cewa tana da gida a harshen. Mai bin diddigi kuwa ki yi aiki da ita ranar Alhamis, amma ni ba zan rubuta ta a allo ba.

Ɗan Damagaram:
Ƙarfe nawa ake saka shirin, Hajiya? Kuma ɗorin nan ban gamsu da shi ba tukuna, Herlock Sholmès har yanzu ba shi da suna.