Muhawara: Sai an shiga cocin kafin a fassara bayaninsa?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne duk wanda bai taɓa tsayawa cikin gini ba bai cancanci ya juya bayanin tsohon cocin Italiya zuwa Turanci ba, kome ƙwarewarsa a harsunan biyu. Ku dubi babban cocin Milan da aka fara ginawa a 1386. Italiyawa suna cewa yana da *cinque navate*, wato *navata* biyar, domin su kowane layi da ginshiƙai suka raba *navata* ne, alhali Bature na tsakiyar kawai yake kira *nave*, na gefe kuma *aisles*. Wanda ya bi ƙamus ya rubuta *five naves* ya sa mai karatu yana hasashen manyan zaure biyar masu tsawo ɗaya, amma wanda ya shiga ya ɗaga kai ya san na tsakiyar ya fi sauran tashi nesa ba kusa ba.

Malama mai fassara: Wa alaikumus salam. Injiniya, misalinka daidai ne, amma ba ya goyon bayan hukuncin da ka yanke. Bambancin *navata* da *nave* a littafi ake koyonsa, kamar yadda ake koyon cewa *Quattrocento* shekarun 1400 ne, wato ƙarni na 15 ba na 14 ba, kuma *duomo* ba ƙubba ba ce duk da ta yi kama da *dome*, domin ƙubba a Italiyanci *cupola* ce. Sannan a duba halin da sana'ar take ciki: a kan adadin kalmomi ake biyanmu, kuma aiki ɗaya yakan haɗa bayanin coci-coci da dama daga garuruwa daban-daban. Idan aka gindaya sharaɗin tafiya, to an ce ke nan aikin na mazauna Turai ne su kaɗai.

Ɗalibi: Malama, ina da tambaya. Tunda *duomo* ba ƙubba ba ce, ba sai a riƙa sa *cathedral* ko'ina a huta ba?

Malama mai fassara: A'a, ɗana, nan ma akwai rami. *Cathedral* shi ne cocin da kujerar bishop take, amma *duomo* babban cocin gari ne, ko da bishop ko babu. Na birnin Monza ana ce masa *duomo* alhali garin yana ƙarƙashin Milan ne, don haka barin sunan yadda yake ya fi aminci.

Baba Malam: Ku ba ni dama in shiga tsakani, domin ina ganin kowannenku ya riƙe rabin gaskiya. Masu rubutu da Italiyanci sukan kwatanta wuri da dama da hagu, kamar yadda mai shigowa ta babbar ƙofa zai gani, su kuwa Ingilishi sun saba cewa layin arewa da layin kudu, saboda tsofaffin cocinsu galibi bagadensu yana gabas, ƙofa tana yamma. Mai fassara da yake son Turancinsa ya yi daɗi sai ya mai da hagu arewa ba tare da tunani ba. To amma a cocin Waliyyi Bitrus da ke Rum abin a juye yake: ƙofar tana gabas, mai shiga yana fuskantar yamma, saboda haka hagunsa kudu ne. Kamar baƙo ne ya tada salla a garin da bai sani ba, ya ɗauka alƙibla tana inda ya saba gani a gida. Ƙamus ba zai gaya maka wannan ba, amma taswirar ginin mai alamar arewa za ta gaya maka, ba sai ka sayi tikitin jirgi ba.

Malama mai fassara: Baba, na yarda da taswira da hotuna, kuma ba na karɓar irin wannan aiki sai da su. Ni dai a wurina dama da hagu nake bari kamar yadda marubucin ya sa, domin ɗan yawon buɗe ido da ke riƙe da littafin bai san ina ne arewa ba da zarar ya shiga ciki.

Injiniya: Da girmamawa, Baba, taswira tana nuna ƙasa ne, ba ta nuna yadda aka ɗora gini. Ƙubbar da magini Brunelleschi ya gina a kan babban cocin Filorens tsakanin 1420 da 1436 ruɓi biyu ce, ta ciki da ta waje, mai kusurwa takwas, kuma an jera tubalinta a tsarin da suke kira *spinapesce*, inda ake tsayar da wasu tubala a tsaye jefi-jefi su kama na kwance don kada layin ya zame kafin ya bushe. Kalmar Turancin tana nan a ƙamus, ban musa ba. Amma jimlolin da ke bayanin wane ɓangare ne yake ɗauke da wane, da inda wani sashe na matakala 463 yake ratsawa tsakanin ruɓin biyu, dogaye ne masu sarƙaƙiya, kuma wanda bai ga wurin ba yakan jingina sifa ga bangon da ba nata ba.

Malama mai fassara: Wannan aikin zanen da ya yanka ginin daga sama zuwa ƙasa ne, Injiniya, kuma kai ka fi ni sanin irinsa. Bari ni ma in ba ka wanda ziyara ba ta warwarewa. A cocin Sant'Ambrogio na Milan akwai baranda a saman layukan gefe da ake kira *matroneo*, sunan da ke nufin wurin mata. Masana da yawa suna ganin a gine-ginen wancan zamani babban amfaninta shi ne tallafe nauyin rufin tsakiya. Idan na rubuta *women's gallery* na tabbatar da abin da ake taƙaddama a kai, idan na ce *gallery* kawai na zubar da abin da sunan ya ɗauko. Kai da ka tsaya a ƙarƙashinta, wanne za ka sa?

Injiniya: Zan bar *matroneo* yadda take, in bi ta da gajeren bayani a karon farko da ta fito. Amma sai na tambayi mai aikin ko littafin na masana ne ko na baƙi, domin idan na baƙi ne ba za a ba ni filin bayanin ba.